Ƙofa da Bango: Nazarin Sauye-sauyen Tsarin Gidan Tarihin Afirka na Tervuren

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da ginin jimlar Hausa ya san yadda mazaunin kalma ke juya ma'ana. In aka ce "Audu ne ya sayi doki", ana amsa tambayar wanda ya yi cinikin ne. In kuwa aka ce "Doki ne Audu ya saya", to, hankalin mai sauraro ya koma kan abin da aka sayo. Audu yana nan, dokin yana nan, cinikin ma bai canza ba, amma abin da aka fara gabatarwa shi ya ɗauke nauyin maganar. Gidajen da ake baje kayan fasaha da na tarihi su ma haka suke magana. Kayan da ke cikinsu su ne kalmomin, jerin ɗakuna shi ne ginin jimlar, ƙofar da ake shigar da baƙo ta cikinta kuwa ita ke nuna abin da masu gidan suke so a ɗauka da muhimmanci. Saboda haka in aka ce an yi wa irin wannan gida gyara, bai kamata manazarci ya tsaya ga sabon fenti da fitilu ba. Abin tambaya shi ne, me aka gabatar, me aka jinkirta, me kuma aka tura lungu?

A wannan maƙala za a ɗauki gida guda a bi shi, watau gidan tarihin Afirka da ke garin Tervuren, kimanin kilomita 15 gabas da Burasel, babban birnin Beljiyam. An zaɓe shi ne domin da wuya a sami wani gini da aka yi musamman don ya faɗi magana guda, sa'an nan bayan shekara ɗari aka nemi ya faɗi kishiyarta, alhali bangon bai gusa ba, kayan ma galibi na jiya ne. An rufe shi a watan Disamba na 2013, aka sake buɗe shi a Disamban 2018. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, babban abin da gyaran ya cim ma shi ne sauya ƙofa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma a ɗakunan sama an bar tsohon rabon nan da ya raba kaya da labarin yadda suka zo, wannan rabo kuwa shi ne nahawun tsohuwar maganar.

Asalin ginin da tsarinsa na farko

Tun daga 1885 Sarki Leopold II yake riƙe da Kwango a matsayin mallakarsa ta ƙashin kansa, ba ta ƙasar Beljiyam ba. Da aka zo baje kolin duniya na Burasel a 1897, sai ya ga dama ta samu ta tallata wannan mallaka ga masu jari da sauran jama'a. Ya sa aka buɗe reshen baje kolin a Tervuren, aka shimfiɗa babban titi da layin jirgin ƙasa na cikin gari daga birni har can. A cikin gini aka jera hauren giwa da roba da katako da sauran albarkatu. A filin waje kuwa aka kafa bukkoki, aka zaunar da mutanen Kwango 267 don 'yan kallo su gani. Bakwai daga cikinsu a can suka rasu, kaburburansu suna nan a jikin cocin garin. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka je kallo, kuma a 1898 aka mai da baje kolin na dindindin.

Ba da jimawa ba wurin ya yi kaɗan. Leopold ya ɗauko wani maginin Faransa, Charles Girault, wanda ya yi ginin nan na Petit Palais a birnin Faris, ya ce ya gina masa fada. Bai ga buɗewarta ba, domin ya mutu a Disamban 1909. Magajinsa Albert I shi ya buɗe ta a 1910. Kafin nan, a 1908, gwamnatin Beljiyam ta riga ta karɓi Kwango daga hannun sarkin, bayan duniya ta ɗauki kuka a kan yadda ake tara roba: tilasta aiki, garkuwa da mata, ƙone ƙauyuka da yanke hannaye. Ashe ke nan an buɗe gidan ne a daidai lokacin da ake matuƙar buƙatar wanda zai ba da wani labari dabam.

Ginin dogayen ɗakuna ne da suka kewaye tsakar gida, gabansa yana fuskantar lambu da tafki, a tsakiyar gaban kuma akwai wani babban zaure mai ƙubba da aka yi wa ado da marmara. Ta nan baƙo yake shiga. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan aikin zaure. Nan maigida yake nuna ko shi wane ne, nan ake zuba zane da ado, kuma baƙo tun bai ga tsakar gida ba ya riga ya san da wa yake hulɗa. A jikin bangon wannan zaure akwai alkukai, watau irin ramukan nan na bango, sai dai manya ne, kowanne da gunki a ciki. Huɗu daga cikin gumakan, waɗanda Arsène Matton ya ƙera aka shafe su da ruwan zinariya, su ne jigon wurin. Uku suna nuna Beljiyam tana kawo wa Kwango wayewa da tsaro da wadata. Na huɗu yana nuna bauta, da siffar wani Balarabe mai fataucin bayi tsaye a kan wata mace. A wasu alkukan kuwa 'yan Afirka ne, galibi ba sutura.

Da zarar baƙo ya karanta wannan, to, sauran ɗakunan sun zama hujjoji ne kawai. Ga ɗakin ma'adinai, ga na itatuwa da amfanin gona, ga na dabbobin da aka cusa wa ciyawa aka tsayar kamar masu rai, ga kuma na kayan ƙabilu, masu da garkuwoyi da tukwane da sassaƙe-sassaƙe an jera su iri iri. In an lura, mutumin Kwango da giwarsa da tagullar ƙasarsa duk a layi guda suke, watau abubuwan da aka tarar a ƙasar. Tarihi kuwa na Turawa ne: tafiye-tafiyen Stanley, wanda takardunsa ma a wannan gida suke, da yaƙin da aka yi da fatake Larabawa da Sawahilawa a gabashin Kwango tsakanin 1892 da 1894, wanda aka riƙa nunawa a matsayin yaƙin 'yanta bayi. Wanda ke da tarihi yana ɗaki guda, waɗanda ke da "al'ada" suna wani ɗakin, kuma bango ya raba su.

Daga ɗakin ƙabilu zuwa ɗakin fasaha

Akwai sauyi guda da aka yi tun kafin 'yancin kai wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna ƙarfin da ɗauke abu daga ɗaki zuwa ɗaki yake da shi. Frans Olbrechts, wanda ya shugabanci gidan daga 1947 har rasuwarsa a 1958, ya duba sassaƙe-sassaƙen Kwango da idon mai nazarin salo. Ya kasa su gwargwadon yadda aka fitar da fuska da wuya da hannu, har ya gane cewa wasu 'yan sassaƙe masu doguwar fuska da manyan tafukan hannu daga yankin Luba aikin hannu guda ne, ko kuwa na masassaƙa guda da almajiransa. Aka laƙaba wa wannan gwani sunan ƙauyen Buli, inda aka samo biyu daga cikin ayyukan. Wannan yana cikin karo na farko da masanan Turai suka yarda cewa bayan sassaƙen Afirka akwai mutum mai salonsa, ba ƙabila kurum ba. Sassaƙen da jiya yake cikin tarin "kayan Baluba", yau ya sami wuri shi kaɗai, da sarari a kewaye da shi, ya zama fasaha.

To, amma ɗaukakar tana da farashi. Abin da aka ɗora a kan dandamali don a yaba kyansa, an yanke shi ke nan daga mai shi, da aikin da yake yi a garinsu, da kuma ranar da aka ɗauke shi. Za mu sake gamuwa da wannan matsala a gaba, domin gyaran 2018 ya gaje ta ɗungurungum.

Kwango ta sami 'yancin kai ranar 30 ga Yuni, 1960. Aka sauya wa gidan suna, daga na Kwangon Beljiyam zuwa na Afirka ta Tsakiya, amma tsarin ɗakunan ya tsaya kusan yadda aka bar shi a shekarun 1950, har ya kai ana yi masa laƙabi da gidan tarihin mulkin mallaka na ƙarshe a duniya. A 1998 Adam Hochschild ya fitar da littafinsa a kan mulkin Leopold, inda ya nuna cewa mutum zai zagaye gidan kaf bai ga alamar miliyoyin da suka halaka ba. Daga nan aka fara motsi: nunin wucin gadi na shekarar 2000 da ya tambayi yadda kayan suka zo, da wani a 2005 a kan zamanin mulkin mallaka, sa'an nan shawarar yin gyara gaba ɗaya a ƙarƙashin shugabancin Guido Gryseels, tare da tuntuɓar wakilan 'yan Afirka mazauna Beljiyam.

Sauya ƙofa

Masu gyara sun tarar da ƙulli tun kafin su ɗaga guduma. Ginin yana cikin waɗanda dokar kare kayan gado ta hana a taɓa. Ba a da ikon fitar da gumakan da ke cikin alkukai, ko goge manyan taswirori da zane-zanen da ke jikin bango, ko kankare tambarin sunan Leopold da ke warwatse a ginin; har tsofaffin akwatunan gilashi na baje kaya dole a bar su. Watau an ce wa marubuci ya sake rubuta littafi, amma kada ya goge babi na farko.

Dabarar da magini Stéphane Beel ya yi ita ce ya ƙyale babin a inda yake, ya hana shi zama na farko. Ya gina wani sabon ɗaki na gilashi can gefe a cikin lambu, inda ake sayen tikiti da cin abinci. Daga nan baƙo zai gangara ƙarƙashin ƙasa, ya bi wata doguwar farar hanya mai kimanin mita 100, ya wuce wani kwalekwale da aka fafe daga gungume guda mai tsawon fiye da mita 22, ya ɓullo a ɗakunan ƙasa na tsohon ginin, kana ya hau matakala zuwa sama. Filin da jama'a ke iya shiga ya tashi daga murabba'in mita 6,000 zuwa 11,000, an kuma kashe fiye da yuro miliyan 65.

A ganina wannan ita ce shawara mafi hikima a duk aikin. Zauren ƙubba ya rasa muƙaminsa na mai tarbar baƙi, ya koma ɗaki daga cikin ɗakuna, wanda ake isa gare shi a tsakiyar zagaye. Bugu da ƙari, baƙo yanzu ta wajen taska yake shigowa, ta inda a da ma'aikata da kaya kaɗai ke bi, kuma abin da aka fara nuna masa a can shi ne gidan kansa: wa ya kafa shi, don me, yadda ake tara kaya da adana su da bincike a kansu. Wanda ya shiga fada ta bayan gida, ya ga madafa da rumbu kafin ya ga karaga, ba zai kalli karagar da idon wanda aka shigar ta soron gaba da algaita ba. Masu cewa gyaran sauya wa tuwo suna ne kurum, ba su ba wannan batu haƙƙinsa ba.

Sai dai dabarar ta haifi wani abu da ban tsammanin an yi nufinsa. Gumakan da ba a manne suke da bango ba, waɗanda aka ga sun yi muni ƙwarai, an tattara su a wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, an cunkushe su kamar a ma'ajiya, don a nuna cewa an fitar da su daga wasa. Shahararre a cikinsu shi ne "Mutum-damisa" na Paul Wissaert, na 1913, wanda ke nuna wani mutum sanye da fatar damisa da faratan ƙarfe yana shirin auka wa wani mai barci. Wannan siffa ta yi tasiri a zukatan 'yan Beljiyam, har Hergé ya ɗauke ta ya sa a littafin zanen Tintin na Kwango. An rataya kusa da wurin wani zanen Chéri Samba na 2002 mai nuna 'yan Afirka da Turawa suna ja-in-ja a kan wannan gunki a bakin ƙofar gidan. Niyyar a fili take: abin da aka sauke ƙasa an ƙasƙantar da shi. Amma fa ƙasan nan ita ce sabon zaure. Sakamakon haka, a tsarin da aka buɗe da shi a 2018, gunkin da aka kora ya zama cikin abubuwan farko da baƙo ke cin karo da su, tun bai ga sassaƙe ko ɗaya na mutanen Kwango a sama ba. Tsohuwar ma'anar "ƙasa" da sabuwar ma'anarta sun yi karo, kuma ba ni da tabbacin cewa allon bayani yana iya rinjayar gunkin tagulla mai girman mutum a idon yaro ɗan makaranta.

Hashiya a gefen matani

A zauren ƙubba kuwa, tun da ba a iya fitar da gumakan Matton ba, sai aka nemi a amsa musu. A 2018 aka kafa wani babban kan mutum na katako, aikin Aimé Mpane, ɗan Kwango, mai nuna sabon numfashi da tohuwar ƙasar. Wannan bai wadatar ba. A watan Fabrairu na 2019 wani ayarin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran mutanen da ke da asali da Afirka ya ziyarci Beljiyam, ya ce gyaran bai yi nisa yadda ya kamata ba. A 2020 sai Mpane ya ƙara sassaƙe na biyu, siffar ƙoƙon kan Lusinga, wani sarkin Tabwa da sojojin Émile Storms suka kashe a 1884 aka kai kansa Beljiyam. Sa'an nan shi da Jean Pierre Müller suka rataya labulaye 16 masu shara-shara, ɗaya a gaban kowane alkuki, kowanne da hoton da ke ƙaryata gunkin da ke bayansa.

Akwai masu ganin cewa da an tumɓuke gumakan an huta, doka ko ba doka. Ban bi wannan ra'ayi ba. Malamanmu na zaure sun san abin da ake kira hashiya: in malami ya tarar da kuskure a littafin wani, ba ya yage shafin, sai ya rubuta gyara a gefe, domin ɗalibin gobe ya ga kuskuren ya ga kuma amsarsa. Gumakan Matton shaida ce, a rubuce da zinariya, ta abin da wata gwamnati ta koya wa 'ya'yanta shekara da shekaru. In aka kawar da su, an sauƙaƙa wa mai musu aikinsa ke nan. Haka kuma ɗakin kadoji, wanda aka bar shi da gangan kamar yadda yake a shekarun 1920, da tsofaffin akwatunansa da zanen bangonsa, yana cikin wurare mafi gaskiya a gidan, domin bai ɓoye ko shi mene ne ba. Abin da ya kamata a riƙa tunawa kawai shi ne, hashiya a gefe take zama. Matani marmara ne da tagulla, amsar kuwa ƙyalle ce da za a iya saukewa cikin yini guda in shugabanci ya sauya.

Wannan bambanci ya fi fitowa a barandar tunawa da matattu. A jikin bangonta an rubuta sunayen 'yan Beljiyam 1,508 da suka mutu a Kwango tsakanin 1876 da 1908, ba sunan ɗan Afirka ko ɗaya. Freddy Tsimba, mai fasaha daga Kinshasa, ya rubuta a jikin gilashin tagogin da ke fuskantar bangon sunayen mutanen nan bakwai na 1897 da na wasu 'yan Kwango da suka rasu a Beljiyam, ta yadda in rana ta fito, inuwar sunayen za ta sauka a ƙarƙashin na Turawan. Ban san wani aiki a gidan da ya kai wannan kyau ba. Amma Beljiyam ƙasar gajimare ce. Ranar da babu rana, bangon ya koma yadda yake.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Rundunar da Leopold ya kafa, wadda ake kira Force Publique, a farkonta cikin shekarun 1880 ba 'yan Kwango ne suka cika ta ba. An ɗauko sojojin haya daga Zanzibar da bakin tekun Afirka ta Yamma, kuma a cikin waɗannan akwai waɗanda takardun lokacin ke kira Hausawa, sunan da Turawa ke laƙaba wa kusan duk sojan da ke jin Hausa, ko Bahaushe ne ko ba shi ba. Sidney Hinde, likitan da ya bi rundunar a yaƙin 1892 zuwa 1894, ya ambace su a littafin da ya rubuta a kan yaƙin. Waɗannan mutane ba su cikin sunayen bango domin ba 'yan Beljiyam ba ne, ba su cikin inuwar taga domin ba a Beljiyam suka mutu ba. Ba kuma abu ne mai sauƙi a ce ga gefen da za a sa su ba, tun da su ne suka riƙe bindigar. Tsarin da ya kasa mutane gida biyu, mai zalunci fari da wanda aka zalunta baƙi, ba shi da ɗakin da zai ajiye su, kuma wannan gibi na manazartanmu ne su cike, ba na masu gidan Tervuren kaɗai ba.

Ɗakunan sama

Da baƙo ya hau sama a tsarin 2018, zai tarar da ɗakuna masu sababbin sunaye: na bukukuwa da ibadu, na harsuna da kiɗa, na yanayin ƙasa da halittu, na albarkatu, na daɗaɗɗen tarihi, na tarihin mulkin mallaka da 'yancin kai. An sa muryoyin 'yan Afirka masu rai a majigi suna bayanin aure da suna da makoki, abin da tsohon gidan bai taɓa yi ba. Ɗakin harsuna, wanda mai nazarin harshe zai fi daɗewa a ciki, ya yi ƙoƙari wajen nuna dangantakar harsunan Bantu da aikin karin sauti, da yadda gangar katako ke aika saƙo ta bin hawa da saukar murya, abin da duk wanda ya san kalangu zai gane nan take. Sai dai allunan bayanin gidan da harsunan Turai suke magana, alhali Kwango tana da manyan harsunan ƙasa huɗu, Lingala da Sawahili da Kikongo da Ciluba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna baƙon da aka yi gyaran dominsa.

Babbar matsalar ita ce, in aka cire sababbin sunayen, tsohon rabo ne ya rage: dabbobi nan, duwatsu nan, al'ada nan, tarihi can. Mulkin mallaka, wanda shi ne dalilin zuwan kusan kowane abu da ke cikin ginin, har giwar da aka harbe don baje kolin 1958, an ba shi ɗaki guda. Da yake ɗakunan zagaye suke yi wa tsakar gida, kuma ba a tilasta hanya guda ba, mutum yana iya ganin giwa da kadoji da sassaƙe, ya sauka ya sha shayi ya tafi gida bai leƙa wannan ɗaki ba. Ɗakin albarkatu ma an sa masa suna mai nuna cewa abin ɗaure kai ne a ce ƙasa mai arzikin tagulla da lu'ulu'u da kobal tana fama da talauci. Wannan irin suna yana yin aikin da "an" da "aka" ke yi a Hausa: an kwashe, aka rasa, ba a ce wane ne ya kwashe ba.

Haka nan ɗakin da aka keɓe wa fitattun sassaƙe-sassaƙe, magajin tunanin Olbrechts. Kayan da ke cikinsa ba su da na biyu, kuma an haska su yadda ya dace. Amma a lokacin buɗewa bayanin da ke jikinsu galibi bai wuce sunan al'umma da irin itace da sunan Baturen da ya kawo ba. Alal misali, gidan yana riƙe da wani babban sassaƙe mai ƙusoshi na kariya da rantsuwa, mallakar wani sarki Ne Kuko na yankin Boma, wanda ɗan kasuwa Alexandre Delcommune ya ƙwace da ƙarfin bindiga a 1878, kuma an nemi a mayar da shi tun a lokacin. Yana kuma riƙe da sassaƙen kakanni da Storms ya ɗebo daga garin Lusinga a ranar da aka kashe shi. In irin waɗannan suna ɗakin kyau, labarin ƙwace su yana wani ɗakin ko yana cikin littafi, to, bangon da ke tsakani yana yin aikin da gumakan Matton suka yi, sai dai shi ba shi da fuskar da za a rataya wa labule. Daga baya masu gidan sun ƙara bayanai a kan asalin wasu kayan, sun kuma faɗaɗa bincike a kai. Amma ƙarin bayani ne a kan tsari, tsarin bai motsa ba.

Sauyin da ke tafe ba magina ne za su yi shi ba. A 2019 aka buɗe sabon gidan tarihi na ƙasa a Kinshasa, wanda Koriya ta Kudu ta ɗauki nauyin gininsa, abin da ya raunana tsohuwar hujjar nan ta cewa babu inda za a ajiye kayan. A Fabrairun 2022 gwamnatin Beljiyam ta miƙa wa ta Kwango jerin kaya kimanin 84,000 da ke Tervuren. A watan Yuni na shekarar Sarki Philippe ya kai wata babbar fuskar sassaƙa ta mutanen Suku zuwa Kinshasa, amma a matsayin aro marar wa'adi, domin doka ba ta ba shi ikon bayarwa ba tukuna. A Yuli aka yi dokar da ta buɗe hanyar mayar da abin da aka tabbatar an same shi ta haramtacciyar hanya. Duk sassaƙen da ya bar ɗakin fasaha zai bar gurbi a cikin akwatin gilashi, kuma a nan za a gane inda masu gidan suka dosa. Ni dai da za a ji ta tawa, da an bar gurbin Ne Kuko fayau, da ɗan allo mai faɗin wanda ya ɗauko, da shekarar, da ranar da aka mayar. Amma ma'ajiyar gidan tana ɗauke da kayan al'adu kusan 120,000, kaɗan ne daga ciki ke waje, kuma ɗauko wani sassaƙe mai ƙusoshi a cike gurbin ba zai ci ma'aikata biyu fiye da safiya guda ba.